Tsirkiya huɗu ko biyar? Neman shawara kan sayen jitar bes da shiga ƙungiyar kiɗa

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum, manya da ƙanana. Shawara nake nema kafin in saki kuɗin da na daɗe ina tarawa. Da jitar aro na koyi bes, wato jitar nan mai kaurin murya, ta wani abokina a Samaru, nan Zariya, yanzu kuma ya gama karatu zai tafi da kayansa. Ga shi wasu samari masu kiɗa a wajen biki sun ce in zo mu haɗu. Suna da mai ganga, mai fiyano, mai ƙaramar jita da mawaƙa biyu, bes ce kawai babu.

An nuna mini guda biyu. Ɗaya Squier ce mai tsirkiya huɗu, ta hannu, fentin bayanta ya goge. Ɗayar sabuwa fil a kwali, tsirkiya biyar, an rubuta Fender a kanta, kuma ta fi ta hannun araha. In na ɗauki sabuwar, canjin zai isa in haɗa da ƙaramar amfilifaya, na'urar ƙara sauti. In na ɗauki Squier, sai dai in haƙura da amfilifaya tukuna. Wacce za ku ce in ɗauka?

Mai Gyara na PZ:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, dakata. Sabuwar Fender mai tsirkiya biyar a kwali, kuma ta fi tsohuwar Squier araha? Ko ban gan ta ba, jabu ce. Squier ai kamfanin Fender ne da kansa ke fitar da ita domin masu ƙaramin ƙarfi, yawanci a Indonisiya ko Sin ake ƙera ta. Masu ɗauke da sunan Fender kai tsaye kuwa yawanci daga Amurka, Meziko ko Japan suke fitowa, kuɗinsu ya ninka na Squier nesa ba kusa ba. Duba lambar da ke kan jitar, gaba ko baya, ka shigar da ita a shafin kamfanin na intanet ka ga ko sun san da zamanta. Na sha buɗe cikin irin waɗannan a shagona. Wayoyin sirara ne ƙwarai, dalmar da aka liƙa su da ita ko kamawa ba ta yi ba.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Oga. Shi mai kayan ma bai ce ta asali ba ce, cewa ya yi kwaikwayo ce mai kyau. Kuma da na kaɗa ta sautin bai yi mini muni ba.

Baba Mai Bes:
Ɗana, sunan da ke kan jita ba shi ke kiɗa ba, amma shi ke nuna maka wanda zai ji kunya in kayan suka lalace. Wanda ya ari sunan wani ba shi da sunan da zai kare. Duk da haka ba zan ce kowace jabu shara ba ce, na riƙe waɗanda suka yi aiki. Abin da nake so shi ne ka iya duba jita da kanka.

Wuya shi ne jitar. Komai ana iya canzawa, maganaɗisu mai ɗaukar sautin tsirkiya, wayoyi, maɓallai, har gadar da tsirkiya ke hawa, amma in wuya ya murɗe magana ta ƙare. Ɗaga ta, ka sa ido ɗaya daga wajen kai ka bi tsawon wuyan da kallo, ka ga ko wani gefe ya fi wani tashi. Sannan ka danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfen farko, cikin ƙananan ƙarafan da aka gindaya a wuya, da hannun hagu, ka danne ta a ƙarfen ƙarshe da na dama, ka leƙa tsakiya, wajen ƙarfe na 7 ko na 8. Ya kamata ka ga 'yar tazarar da katin waya zai shige da ƙyar. In ta yi yawa wuyan ya lanƙwaso gaba, in babu ko kaɗan ya koma baya. Duka biyun ana gyara su da dogon ƙarfen da ke cikin wuya, muddin yana juyawa. Don haka ka tafi da alanki, ka roƙi mai kaya a gwada a gabanka, juyi ɗan kaɗan kawai. In ya ƙi motsi, ko yana ta juyawa ba ya kama komai, miƙa masa kayansa ku yi sallama.

Bayan nan ka bi kowace tsirkiya gida-gida daga sama har ƙasa, a hankali, kunnenka a buɗe. Inda ka ji zizar ƙarfe, ko sauti ya mutu da wuri, ka riƙe wurin. Kaɗa tsirkiya a sake, ka sake kaɗa ta a ƙarfe na 12, dole su zama murya ɗaya, ɗaya ƙasa ɗaya sama. A jona maka ita da amfilifaya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza bakin waya a raminsa. Kada nauyin mai shago ya hana ka, guminka ne za ka ba shi.

'Yar Wusasa:
Baba ya gama magana kan dubawa. Amma ina da ta cewa kan tsirkiya biyar, don na ga kamar za a binne ta tare da jabun. Ƙanena, ni a coci nake kiɗa, kuma abin da na gani shi ne mawaƙi ba ya tambayarka inda ya fi maka sauƙi. Inda muryarsa ta zauna nan zai ɗauko waƙa, mai fiyano ya bi shi, kai kuma ka nemo "do" ɗinka. Mai huɗu iyakar zurfinta muryar da ake kira E. Ran da aka ɗauko waƙa a D, sai dai ka hau sama, ƙasan waƙar ya zama fanko daidai lokacin da ake so ya cika. Tsirkiya ta biyar, wato B, tana ƙara maka muryoyi biyar a ƙarƙashin E. Kuma ba zurfin kaɗai ba ne, hannunka yana zama wuri ɗaya, ba ka ta zarya a kan wuya. Tunda da mai fiyano za ka yi aiki, ka yi tunani a kai.

Mai Miksa:
Anti, a kayanku na coci maganarki daidai ce, don kuna da manyan sifiku masu fitar da sauti mai zurfi. Amma a duba abin da yaron nan zai saya. Tsirkiyar E tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa, B kuwa kusan sau 31. Ƙaramar amfilifaya mai sifika inci 8 ko E ɗin ba ta fitarwa da kyau, balle B. Abin da zai ji shi ne fur-fur, takardar sifika tana kaɗawa a banza. Sannan a jita mai araha, B ce ke fara tona asiri: sako-sako, ba ta tsayar da murya, kana kaɗa C kana kaɗa D duk gurnani ɗaya.

'Yar Wusasa:
Ban ce ya sayi waccan ta kwalin ba. Cewa na yi in zai samu Yamaha, Ibanez ko Cort mai biyar ta hannu, ya fi masa. Ni da Ibanez na fara, wuyanta siriri ne, bai wahalar da hannuna ba.

Baba Mai Bes:
'Yata, ba ki yi kuskure ba, amma akwai abin da ke kin riga kin wuce shi har kin manta wahalarsa. Rabin aikin mai bes shi ne kashe tsirkiyoyin da ba ya kaɗawa. Kana kan tsirkiyar G, ta E tana can tana gunaguni ita kaɗai, sai ka sa yatsa ka tsayar da ita. Mai koyo da huɗu ma yana fama, in ka ƙara masa ta biyar ka ƙara masa hayaniya. In waƙa ta zo a D, ya sassauta E ta sauko D, an daɗe ana yin haka. Ga kuma kuɗin tsirkiya. Saitin huɗu, mai lambar kauri 45 zuwa 105, ya fi sauƙin samu da sauƙin kuɗi. Na biyar sau da yawa sai an aika Kaduna, ko a jira mai zuwa kasuwar Alaba a Legas.

Ɗalibin Kongo:
Don Allah in ɗan shigo da tawa tambayar. Ina jin ana cewa P da J, mene ne bambancin? Wadda yake magana a kai wacce ce?

Ɗan Tudun Wada:
Maganaɗisu ɗaya ne a tsakiya, an raba shi gida biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya gaba.

Mai Gyara na PZ:
To P ce. Ita ce Precision, wadda Leo Fender ya fitar a 1951, rababben maganaɗisun kuma a 1957 aka sa mata shi. J ita ce Jazz, ta fito a 1960, maganaɗisunta biyu ne dogaye, wuyanta ya fi siranta wajen kai. P sautinta dunƙulalle ne mai kauri, maɓalli biyu kacal, na ƙara da na laushi. J ta fi kaifi, ta fi ba ka zaɓi.

Amma ga abin da ya shafe mu a nan. Rabin maganaɗisun P ɗaya yana kashe ƙugin ɗayan, shi ya sa take shiru. J kuwa sai ka buɗe duka biyun daidai wa daida take shiru, da ka rage ɗaya za ta fara kwaso ƙugin wuta. A zauren da aka ja waya ɗaya daga janareta aka rarraba wa fitilu, fanka da kayan kiɗa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma masu batir, irin Yamaha TRBX304 ko Ibanez GSR200, da ke cin batir mai bolt 9. Suna da daɗi, amma muddin waya na jone a jikinsu batir na tafiya ko ba a kiɗa. Mutum ya bar ta a jone ya kwana biyu, ranar biki ta fara shaƙewa a tsakiyar waƙa. Mai irin wannan ya riƙa zare waya, ya kuma ajiye batir na biyu a jaka. Squier ɗinka babu ruwanta da wannan.

Ɗan Tudun Wada:
Na fahimta. To amma in na ɗauki Squier, da me zan ji kaina? Mai ƙaramar jitarmu ya ce zai riƙa ara mini amfilifayarsa.

Mai Miksa:
A'a, kada ka karɓa, za ku ɓata. Sifikar ƙaramar jita ba a yi ta don ɗaukar nauyin bes ba, ka ƙure ta sau ɗaya sai ta yage. Kuma ka cire rai daga ƙaramar amfilifayar da kake hari. Mai wat 15 ko 25 ta ɗaki ce. Da mai ganga ya sauke sanda ta ɓace, kai kanka ba za ka ji ta ba. In za a tsaya kusa da ganguna, daga wat 100 ake fara magana, da sifika inci 12 ko 15. Fender Rumble 100 misali, sifikarta inci 12 ce, nauyinta kusan kilo 10, kuma tana da ramin da ake jan waya zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa. Tsofaffin Peavey TNT masu inci 15 suna da ƙarfi da juriya, sai dai ɗaukarsu aikin mutum biyu ne.

Tunda kuɗin bai kai nan ba, ga hanya. A wajen biki ai hayar sifiku ake yi. Sayi ɗan akwatin DI, wanda ke karɓar sautin jita ya miƙa wa miksa ta doguwar waya ba tare da ƙugi ba. Behringer BDI21 yana da sauƙin kuɗi, kuma yana ɗan gyara sautin. Ya shiga aljihun jakarka, ka hau acaɓa abinka. Sharaɗi ɗaya: ka iso da wuri ka roƙi mai miksa ya sa maka bes a sifikar da ke fuskantar makaɗa. In ba ka jin kanka za ka riƙa fizgar tsirkiya da ƙarfi, hannu ya gaji, bugu ya karkace. A gida kuma akwai 'yan na'urorin da ake soka wa jita a saurara da abin kunne, ba ka tashi maƙwabta ba.

Mai Gyara na PZ:
Tunda an zo maganar wuta, a bar ni in faɗi abin da ke cina. Yawancin amfilifayun da ake kawo mini a mace ba kiɗa ne ya kashe su ba.

Na farko, kayan kwatano daga Amurka. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. Mutum ya ga bakin waya ya shiga rami sai ya kunna, hayaƙi ya tashi. Karanta abin da aka rubuta a bayanta kafin komai, in 120 ce kaɗai sai da taransifoma mai rage wuta. Na biyu janareta. Lokacin tayar da shi da lokacin da mai ke ƙarewa wuta na hawa da sauka, don haka amfilifaya ita ce ta ƙarshe a kunnawa, ita ce ta farko a kashewa, kuma a sa sitabilaiza. Na uku, masu haɗa sifiku barkatai. Sifika biyu masu om 8, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, in aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowacce da wayarta zuwa amfilifaya, sun koma om 4. In amfilifaya ta ce 4 ne iyakarta, ka ƙara ta uku, ka dafa ta.

Na huɗun shi ne wanda ke iya kashe mutum ba kaya ba. Tsirkiyar jita a haɗe take da wayar ƙasa ta amfilifaya. In babu wayar ƙasa a wurin, ko wani ya karye ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket, hannunka na kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirufo, wuta na iya bi ta jikinka. In ka ji ko ɗan tsikari ne, a tsaya a duba. Kada ka yi kiɗa ba takalmi a kan siminti mai laima, musamman da damina.

Mai Ganga na Samaru:
Tun ɗazu kaya ake ta lissafawa. Ni da nake zama kusa da mai bes, wallahi ban taɓa damuwa da abin da aka rubuta a kan jitarsa ba. Abin da nake so ɗaya ne: in ƙafata ta sauka a babbar ganga, yatsansa ya sauka tare da ita. Ba gaba ba, ba baya ba. In muka haɗe, ko sauran sun ɗan yi tangaɗi mutane za su ci gaba da rawa. In muka rabu, ko waye mawaƙin, fili zai watse.

Matsalar samarin yanzu, suna kallon bidiyon masu marin tsirkiya da babban yatsa, sai su zo bita da shi. Yana da kyau a wurinsa, amma waƙar amarya ba ta buƙatarsa daga farko har ƙarshe. Abokina, sauke manhajar ƙirga bugu a wayarka, ka sa ta a hankali, ka riƙe murya ɗaya tak kana bin ta har ka daina jin ƙarar manhajar saboda kun haɗe. Ka koyi bugun nan namu mai tafiya uku-uku, don shi ya fi yawa a wajen biki, kuma shi ke kayar da waɗanda suka koya daga bidiyon waje kawai. Sannan ku ware rana kai da mai gangarku, ku biyu, ba mawaƙi ba fiyano. Ku ɗauki sautin a waya ku saurara tare.

Mai Fiyano:
Ni fa zan faɗi abin da ba a so. Ina da ɗan situdiyo, kuma kowa a nan ya san yadda ake haɗa waƙoƙin Hausa na zamani: fiyano da kwamfuta. Bes ɗin ma daga fiyano muke fitar da shi, ba ya kuskure, ba ya makara, ba ya neman kason kuɗi. Masu biki kuma DJ suke ɗauka, don ya fi sauƙi a kan ciyar da mutum shida. In da ƙanena ne, ce masa zan yi ya ƙara kuɗi ya sayi Yamaha PSR ta hannu ya koyi haɗa kiɗa. Nan abinci yake.

'Yar Wusasa:
Malam, in maganar abinci ce kaɗai ba mai musa maka. Amma ai bai tambaye mu sana'ar da ta fi kawo kuɗi ba. Kuma tunda ka taɓo, ga roƙona ga duk masu fiyano: in akwai mai bes a ƙungiya, ku ɗage hannun hagu daga ƙasa. Kun saba ku kaɗai kuna cike ko'ina, sai ku zo kuna danna muryoyin da shi yake dannawa, ko ma waɗanda suka saɓa, sautin ya dagule, a ce mai bes ne bai iya ba. Ƙanena, wannan ita ce maganar farko da za ka yi da mai fiyanonku, cikin ladabi, tun kafin bita ta farko.

Mai Fiyano:
Wannan kam na karɓa, Anti. Sabo ne. Amma ban janye maganar kasuwa ba.

Baba Mai Bes:
Kada ka janye, gaskiya ka faɗa, kasuwar ta ragu. Mun ga lokacin da otal-otal da kulob na Sabon Gari ke ɗaukar ƙungiya sukutum, mun kuma ga lokacin da aka daina. Amma kiɗan hannu a arewa ba baƙo ba ne. Marigayi Bala Miller, wanda mahaifinsa limamin coci ne mutumin Zariya, ya riƙe babbar ƙungiya a Kaduna, da jitoci da ƙahoni, yana waƙa da Hausa. Har gobe kuma coci-coci daga Wusasa zuwa Sabon Gari da Samaru suna neman mai bes, ɗaliban ABU suna shirya wasanni, akwai kuma masu bikin da in sun ji kiɗan hannu sau ɗaya ba sa komawa. Abin da fiyano ba ta yi shi ne ta ga uwar amarya ta shigo fili ta ja bugun baya kaɗan don ta samu ta taka. Mutum ne ke ganin wannan.

Ɗana, ga abin da na fi so ka ɗauka daga wurina. Kada ka koyi bes daga waje kaɗai. Zauna ka saurari masu garaya da masu gurmi. Tsirkiya biyu ce a hannun mai garaya, ɗan gajeren zagaye yake maimaitawa, mawaƙi ya hau kai ya yi ta tafiya, kuma ba ka gajiya da ji. Aikinka ke nan. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Sannan ka lura da kalangu in kun haɗu da shi a fili. Mai kalangu yana matse tsarkiyarsa a hammata, muryar na hawa tana sauka, magana yake yi. In yana magana kai ka riƙe gindin waƙa ka yi shiru da surutu, in ya numfasa ka sa taka 'yar kwalliyar. Haka da mawaƙi. Harshenmu yana da hawa da sauka, in ka cika ƙasa da yawo sai kalmomin su nutse, alhali mutane sun zo ne su ji an ambaci sunansu da na iyayensu.

Ɗan Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ban taɓa tunaninsa ba, kullum bidiyon Turawa nake bi. Akwai mai garaya a unguwarmu, zan je in gaishe shi.

Wata tambayar kuma, ina jin nauyinta amma gara in yi. Yaya ake maganar kuɗi? Su sun daɗe tare, ni ne sabo.

Mai Ganga na Samaru:
Yi ta tun yanzu, kafin wasan farko. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, kuɗi ne ya watsa yawancinsu, ba rashin iya kiɗa ba. A san kason kowa daga kuɗin da aka yi ciniki. A san na liƙi, don nan rigimar take: mawaƙi ake liƙa wa a goshi, sai ya ga kamar nasa ne shi kaɗai, alhali ku ne kuka tayar da filin. A sa mutum ɗaya amintacce ya tattara, a ƙirga a gaban kowa a daren. A fara cire kuɗin mota da na hayar kaya, a ware wani abu na gyara. Ku rubuta a zaurenku na WhatsApp yadda ba mai cewa bai ji ba. In sun ce sabo zai fara da ƙaramin kaso ba laifi, amma a faɗi ranar da zai daidaita.

Kai kuma naka: zo da wuri, zo da waƙoƙin a kanka. Wajen bita ba wajen koyon waƙa ba ne, wajen haɗa ta ne. Saita tsirkiyarka da na'ura ba tare da kowa ya ji ba, kuma in ana magana hannunka ya bar jita.

'Yar Wusasa:
A ƙara da kula da kayan, don hunturu na tafe. Iskar nan tana busar da katako, wuya ya motsa, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu. Da damina kuma ya sha laima ya koma wani wajen. Saitin da aka yi maka a watan Agusta ba zai kai ka Janairu ba, sai an sake taɓa ƙarfen wuya. Kada ka jingina ta da bango, kada ka bar ta a but ɗin mota da rana, ka sa ta a jaka mai soso saboda ƙura. Goge tsirkiya da ƙyalle duk bayan kiɗa, gumi ne ke kashe ta. In ta dushe kuma babu kuɗin sabuwa, cire ta ka tafasa a ruwa, ka shanya ta bushe sarai, za ta ɗan farfaɗo na wani lokaci.

Ɗan Tudun Wada:
Salam. Na koma na duba su yadda Baba ya ce. Ta kwalin, lambarta ba ta fito a shafin kamfanin ba, kuma daga ƙarfe na 14 zuwa sama tsirkiya biyu ziza kawai suke. Squier wuyanta a miƙe yake, ƙarfen ciki yana juyawa, sai dai tsirkiyar ta yi nisa da wuya, ramin waya kuma yana ƙara in an taɓa shi. Na nuna wa mai ita, ya rage mini wani abu, na biya. Ragowar zan sayi akwatin DI, waya mai kyau da sabon saitin tsirkiya. Anti, ki yi haƙuri, mai biyar sai gaba.

'Yar Wusasa:
Allah ya sa albarka, ƙanena. Ba komai, amma in ka fara tara na amfilifaya ka gama, ka dawo mu sake maganar. Har yanzu ina kan bakana.

Mai Gyara na PZ:
Ramin waya ƙaramin aiki ne, ko dai goron ya kwance ko dalma ta saki. Kada ka yi ta murɗa shi daga waje, za ka tsinke wayar ciki. Kawo ta ranar Asabar da safe, ka zo da sabuwar tsirkiyar a ledarta, don sai an ɗaura ta ake saita wuya da gada. Ka ware awa ɗaya ka zauna ka ga yadda ake yi.

Baba Mai Bes:
In Allah ya kai mu zan leƙo shagon. Ɗana, ka gaya wa mai gangarku ya biyo ka, ina so in ji ku tare.